Garin da ke watsa ruwa sama, amma ba a sayar da buta

Wata biyu da rabi Inna ta yi wurina a Liyon, ƙasar Faransa, ba ta san ko'ina ba sai ɗaki da unguwar Guillotière, inda muke zuwa sayen kuɓewa da busasshen kifi. Da na ga saura mako biyu bizarta ta ƙare, na ce wallahi ba za ta koma Damagaram ta ce bango kawai ta gani a Turai ba. Na bar wa maigida yara, muka hau jirgin ƙasa ranar Asabar da sassafe, awa biyu sai ga mu a Jeniba, ƙasar Suwis.

A otal aka ba mu katin shiga bas da taragon cikin gari da ƙananan jiragen ruwa masu launin rawaya da ke tsallaka tafki, duk ba ko dala, haka suke yi wa kowane baƙon da ya kama ɗaki. Inna ta ce, "Ke 'yar nan, kyautar nasara a duba bayanta." Ta yi gaskiya. Kuɗin ɗakin har yau ban faɗa mata ba, ku ma ba zan faɗa muku ba, kada a ce na zautu.

Muna cikin jirgin ruwan ta hango shi. Ruwa ne tsaye kamar hasumiya, fari fat, mita 140 a sama. Suna ce masa Jet d'Eau. Ta yi salati, ta tambaye ni ko bututu ne ya fashe ba a zo gyara ba. Na yi dariya, sai daga baya na ga ba ta kauce sosai ba: asalinsa a 1886 mashaƙa ce ta wata tashar tura ruwa, idan masu sana'a sun kashe injinansu da yamma ruwa ya yi wa bututu yawa, sai a sake shi sama. Mutane suka riƙa zuwa kallo, a 1891 aka dawo da shi bakin tafki don ado. Yanzu lita 500 yake fesawa a sakan ɗaya. Inna ba ta lissafi da lita, don haka na ce mata jarka 20 ke nan kafin ki ƙifta ido. Ta yi shiru har muka kai gaɓa, sannan ta ce, "Ba su tsoron Allah ya tambaye su?" Na ce ai ruwan tafkin ne, can yake komawa. Ba ta gamsu ba. Matar da ta shekara arba'in tana tashi ƙarfe uku na dare don ta ji ko famfo ya yi tari, ba a gamsar da ita da irin wannan bayani.

Abin da ya kashe mata jiki kuwa ƙarami ne. Mun hau tsohon gari, ƙafa ta gaji, ƙishi ya kama ta. A wani dandali ga famfon dutse yana zuba ba tsayawa, wani dattijo da kwat ya tara tafin hannu ya sha ya wuce. Na cika gora na miƙa mata. Sai da ta ɗaga ta duba a rana, ta sunsuna, sannan ta kurɓa. Sanyi kamar na sabuwar randa, ba wari ba gishiri. Ta ce, "Wane bawan Allah ne ya yi wannan sadaka?" Na ce ba kowa, kuɗin haraji ne. A nan duk famfon titi ana sha, sai wanda aka rubuta wa cewa ba na sha ba ne. Kuma yawancin ruwan garin daga tafkin nan na Leman ake tace shi, wanda jirage ke yawo a kai, agwagi na iyo, yara na wanka.

Nan ne raina ya ɓaci da mu. Na san Allah ya ba su dusar ƙanƙara da kogin Ron, mu ya zaunar da mu kan dutse, wannan ba laifin kowa ba ne. To amma tafkunanmu na cikin gari fa? Wa ya cika su da leda da mushen kaji? Kan famfon unguwa da ake kwancewa da dare, aljanu ne? Mu da sai an ɗaure moɗa da sarƙa a ƙofar masallaci. Su ma tafkin nasu ya taɓa lalacewa, gansakuka ta yi masa yawa saboda ruwan wanki da na masai. Suka gina wuraren tace ƙazanta, a 1986 ƙasar ta hana sa sinadarin fosfat cikin omo, kowa ya bi, ruwa ya dawo hayyacinsa. Mu a ce kada a zuba shara a tafki, sai wani ya ce na ubanka ne?

Kada ku ce na zama 'yar korensu. Da dare muka shiga gidan abinci, na ce a kawo ruwa ban ce na famfo ba, aka kawo kwalba. Faran 8 na Suwis, ya haura jikka biyar ta sefa, a garin da ruwa ke zuba a titi har asuba. Inna ta ce in mayar, na ce an riga an buɗe. Ta shanye shi tas don haushi.

Sai babbar masifa: na manta buta a Liyon. Ban-ɗakin otal fes, tawul shida, sabulu iri uku, takarda kamar za a buɗe makaranta, amma abin tsarki babu. Na sauka na tambayi yaron da ke karɓar baƙi, na kwatanta da baki, na kwatanta da hannu, ya je ya kawo mini tukunyar dafa shayi ta lantarki. Washegari Lahadi, kantuna a rufe ruf sai na tasha, su kuma cakulan da agogo suka fi sani. Gorar nan ta jiya ita ta zama buta.

Da azahar muna wajen Majalisar Ɗinkin Duniya, inda aka kafa wata ƙatuwar kujerar katako mai karyayyar ƙafa don tunawa da waɗanda nakiya ta nakasa. Muka shiga wani ban-ɗaki na kuɗi, Inna ta fara alwala, ta ɗaga ƙafa za ta sa a mazubin wanke hannu. Matar da ke tsaron wurin ta taso da faɗa, gaban mutane, tana nuna ƙasa. Kunya ta rufe ni, na ji kamar in nutse. Na ba ta haƙuri da Faransanci, a zuci ina cewa ke da ko tsarki ba ki iya ba. Sai dai ƙasan ta jiƙe da gaske, kuma ita za ta goge. Inna ta karɓi tsumman da hannunta ta share, ta ce da Hausa, "Yi haƙuri, baiwar Allah." Matar ta yi sororo. Muka fita, ta ƙarasa wanke ƙafa da gora a gindin wata bishiya, inda nake ganin da can ya kamata mu fara.

A jirgin komawa ta ce in kira mata gida. Ba ta ba da labarin agogon garin da aka ƙawata da furanni ba, ba ta ambaci kujera ba. Bayan gaisuwa ta ce, "Ruwa ya zo?" Ƙanwata ta ce ya zo jiya wajen ƙarfe uku, sun tari jarka shida kafin ya ɗauke. Inna ta ce alhamdu lillahi, a fara cika randar ƙofar gida tukuna, kuma a duba ko moɗar na nan.