Tsawaita hanyar masu tafiyar ƙafa: aro ko saye?

Hanyar North Country a Amurka ta kai kusan kilomita 7,700, daga North Dakota zuwa Vermont, tun bayan dokar 2019 da ta tsawaita ta. Duk yankin da za a ƙara, ko dai a ari filin mutane, ko a saya.

Aro ya fi sauri da arha. 'Yan sa kai su je wurin mai fili, a yi musabaha, ya ce su bi ta gefen gonarsa. Su dawo da kayan sassabe da shuɗin fenti suna sa alama a jikin bishiyoyi. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara: ranar da filin ya sauya hannu, sai matafiya su koma bin gefen kwalta.

Saye kuwa, hanyar Appalachian, wata doguwar hanyar masu tafiyar ƙafa a gabashin Amurka, ita ce shaida. Daga 1978 hukumar gandun daji ta ƙasa ta duƙufa sayen filaye, har kusan duk tsawon hanyar ya samu kariya. An kashe kuɗi da yawa, an kuma sha rigima da masu filaye. Ita North Country, daga mai son sayarwa kaɗai doka ta yarda a saya mata. A ganina, inda gine-gine ke matsowa, gara a saya tun farashi bai tashi ba.