Drassanes na Barcelona: inda aka ƙera jiragen yaƙi, yau ana sayen tikiti a shiga

Yawancin mutanenmu idan sun je Barcelona, filin ƙwallo ne a ransu. Ni dai shawarata, a ware rabin yini a gangara ƙarshen titin La Rambla, kusa da dogon ginshiƙin Columbus, a shiga gidan tarihin harkokin teku da ke cikin tsohon ginin Drassanes. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, koren layi, yana ajiye mutum a tashar da ke ɗauke da sunan ginin.

Kuɗina ginin kansa ya biya, tun kafin in duba abin da aka jera a ciki. Dogayen zaure ne jere da juna, bakunan dutse na ɗauke da rufin katako, ba bango a tsakani. An yi su haka ne domin kowane zaure ya ɗauki jirgi guda ana sassaƙa shi, in an gama a tura shi ruwa. Yanzu tekun ya ja baya, titin mota ne a gaban ƙofar. Sarakunan Aragon, masarautar da Barcelona ke ƙarƙashinta a da, suka fara aikin a ƙarni na 13, amma mafi yawan abin da ke tsaye yau na ƙarni na 16 ne.

Da zamanin jiragen tuƙi da hannu ya wuce, a ƙarni na 18 sojoji suka karɓe wurin, ya zama bariki da ma'ajiyar igwa. A 1935 aka miƙa shi ga birnin, a 1941 ya buɗe a matsayin gidan tarihi. Wajen gyaran da aka kammala a 2013 ma sai ga maƙabartar Rumawa a ƙarƙashinsa.

Inda na fi daɗewa shi ne gindin jirgin Real. Na asalin a nan aka ƙera shi a 1568, shi ne ya ɗauki Don Juan na Ostiriya, kwamandan jiragen Kiristoci, zuwa yaƙin teku na Lepanto a 1571, inda rundunar Kiristocin Turai ta ci ta Daular Usmaniyya, ta Turkawa fa, ba tamu ta Sakkwato ba. Wanda ke nan kwafi ne da aka yi a 1971, tsawonsa mita 60, ja wur, bayansa ya sha ado da ruwan zinariya. Sai ka hau matakala ka leƙa ciki ka ga bencinan matuƙa, a matse, mutum huɗu ko fiye a kan abin tuƙi ɗaya. Da yawan masu irin wannan aiki bayi ne da fursunoni ɗaure da sarƙa, a nan suke ci, a nan suke kwana, kuma a jiragen Sifaniya akwai Musulmi da aka kama a cikinsu. Turkawan su ma da Kiristoci suke tuƙa nasu. Adon bayan jirgin bai ƙara burge ni ba bayan haka.

Ƙananan samfuran jirage da taswirori suna da kyau ga mai sha'awa, ni dai wucewa na yi. Yara kuwa sun samu fili, ga inuwa da sanyin dutse a ranar zafi. Awa biyu sun isa. A ci abinci kafin a zo, domin shagunan bakin La Rambla kuɗin baƙo suke yanka, kuma a riƙe jaka ta gaba a kan titin.