Sharhi kan darasin haɗa kabis na lifti da na halarta a Bauchi

Wanda ya taɓa cin shawarma a wurin Kwarorin Kano zai tuna da wasu 'yan sanduna masu launin ruwan hoda da ake cusawa tsakanin nama da miyar tafarnuwa, masu tsami da gishiri, waɗanda ke yin ƙaras a haƙori. Na daɗe ina zaton kala ake zuba musu, har sai da na halarci darasin yini ɗaya da wata Hajiya ke bayarwa a gidanta da ke GRA a nan Bauchi, inda take koya wa mata girke-girken Lebanon da ta koya lokacin da ta zauna a Kano. Sunan abin da Larabcin Lebanon kabis, wato kayan lambun da aka danna cikin ruwan gishiri da khal (ruwan tsamin nan da ake kira binega), saiwar da ake yin sa da ita kuma lifti ce, wadda masu sayar da kayan lambu ke kira tanif. 'Yar dangin kabeji ce, fara, mai shunayya a ka, launin hodar kuwa daga bitirut, wata jar saiwa da ake haɗawa da ita, yake fitowa kawai.

Kuɗin darasin bai wuce na shawarma huɗu ko biyar ba, kuma a ciki har da kayan haɗi da kwalbar da kowace ɗaliba ta tafi da ita gida. A ganina ya cancanci kuɗinsa, kuma dalilina shi ne Hajiya ba ta ɗauki aikin a matsayin zuba wannan a kan wancan ba. Ta shafe kusan awa guda a kan zaɓen saiwar kafin kowa ta taɓa wuƙa. Ta baje lifti iri biyu a faranti, ƙanana masu nauyi da santsin fata, da manya waɗanda suka tsufa a gona, ta yanka kowanne ta ba mu muka ɗanɗana ɗanyensa. Babban yana da ɗaci da zare-zare, cikinsa kuma ya yi laushi kamar soso, kuma babu yawan khal ɗin da zai gyara shi. Wannan bayani yana da amfani ƙwarai a garinmu, domin lifti ba kullum ake samunsa a kasuwar Muda Lawal ba, yawancinsa daga wajen Jos yake zuwa, tafiyar kimanin kilomita 130, kuma idan ya kwana biyu a rana a kan tebur yakan yanƙwane. Ta ce mu matsa shi da babban yatsa, idan ya lotsa mu bar shi.

Ma'aunin da ta koyar mai sauƙin riƙewa ne: lifti kilo 1, ƙaramin bitirut 1, ruwa kofi 3, farin ruwan khal kofi 1, gishiri kashi ɗaya cikin uku na kofi, da tafarnuwa ƙwaya 3 da aka ɗan daddaƙa. Ana tafasa ruwan da gishirin har ya narke, a bar shi ya huce sosai, sannan a zuba khal. Ana feraye liftin a yanka shi kaurin ɗan yatsa, a jera a kwalba tare da yankan bitirut a ƙasa da tsakiya, a zuba ruwan har ya shanye kan komai. Da wata daga cikinmu ta tambaya ko za a iya zuba ruwan da zafinsa don a rage jira, Hajiya ta amsa mata da cewa, “A'a, 'yata, in kin zuba da zafi kin dafa shi ke nan, ƙaras ɗin da ake nema ya tafi.” Ta kuma hana amfani da gwangwani ko tukunyar dalma, saboda tsami da gishiri suna cin ƙarfe su ɓata ɗanɗano, kuma ta sa muka ɗauraye kwalaben da tafasasshen ruwa a gabanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta danganta wannan kwalba da asalinta. A ƙauyukan dutsen Lebanon akwai al'adar da suke kira mune, wato tanadin abinci a ƙarshen bazara domin lokacin sanyi, inda iyali ke jera kwalaben zaitun da gauta da kokwamba da lifti. Wannan ya sa na fahimci cewa yawan gishirin ba ganganci ba ne, shi da khal ne ke hana abin lalacewa. Mu ma mun san irin wannan dabara ta wata fuskar, domin mu kan busar da kuɓewa da tumatir da kuka, su kuma suna jiƙa nasu, kuma harshen da ya saba da tsamin nono da na kamu ba zai ji kabis baƙo sosai ba.

Akwai wuraren da darasin ya gaza, kuma ya kamata a faɗe su. Mu goma sha biyu ne a kicin ɗin da bai fi ƙarfin mutum shida ba, katakon yanka biyu ne kacal, har wasu suka ƙare da kallo maimakon yi da hannunsu. Ba a ba mu ma'aunin a rubuce ba, kuma kofin da Hajiya ta auna da shi ba a faɗi girmansa ba sai da na tambaya, ashe na mililita 250 ne. Wanda ya fi damuna shi ne batun zafi. Ta ce a ajiye kwalbar a inuwa kwana 5 zuwa 7 kafin a saka a firji, wanda daidai ne a lokacin hunturu da muka yi darasin, amma ba ta ja kunnenmu a kan watannin Maris da Afrilu ba, lokacin da ɗakunan Bauchi ke zama kamar tanda, ga kuma wutar da ba a dogara da ita. Da na sake gwadawa da zafi ya shigo, a kwana na huɗu liftin ya fara saki, na gane cewa a irin wannan lokaci gara a ɗanɗana tun kwana na uku a kai shi wuri mai sanyi. Haka kuma ba a yi wa masu hawan jini gargaɗi ba, alhali abu ne mai gishiri da ake ci kaɗan a gefen abinci.

Kwalbar da na dawo da ita daga darasin kuwa ta yi kyau yadda ake so. A ranar farko jan bitirut ya kwanta a ƙasa, kashegari ya fara hawa, a kwana na biyar kowane yanki ya rine har cikinsa. Da na buɗe murfin wani wari mai kama da na dafaffen kabeji ya taso, wanda Hajiya ta riga ta gaya mana kada ya tsorata mu, domin halin saiwar ne kuma yana gushewa nan da nan. Na ci da shawarma kamar yadda aka saba, amma inda ya fi dacewa a bakina shi ne tare da balangu mai kitse, domin tsamin yana yanke maiƙon ya sa mutum ya koma wa naman da sabon marmari. Maigida ya haɗa da tsire da gurasa ya yaba, sai dai da masa bai zauna ba, saboda tsami ne ya haɗu da tsami.

Wadda ke son halartar darasin ta nemi gurbi tsakanin Disamba da Janairu, lokacin da lifti ya fi samuwa kuma sanyi ke taimakon kwalba, ta tafi da wuƙarta da katakon yankanta da littafin rubutu, sannan ta tambayi adadin ɗalibai kafin ta biya kuɗi.