Ƙuri'un Stack Overflow: a bar kibiyoyin, amma a daina yarda da lambar ido rufe

Duk mai rubuta manhaja da ya taɓa liƙa saƙon kuskure a Google ya san inda ake faɗawa: Stack Overflow, shafin tambaya da amsa da Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe a 2008. A gefen kowace amsa akwai kibiya biyu, ɗaya tana kallon sama don ƙuri'ar goyon baya, ɗaya ƙasa don ƙuri'ar ƙi, da lamba a tsakani mai nuna abin da ya rage in an cire ƙi daga goyon baya. Hukuncina bayan dogon amfani da shi shi ne kada a cire kibiyoyin, sai dai lambar nan ba shaida ba ce cewa amsar tana aiki yau.

Ƙuri'ar goyon baya ɗaya tana ba mai amsa maki 10 a ma'aunin ƙimarsa a shafin. Tambaya ma 10 ce tun Nuwamban 2019, da can 5 ce. Idan mai tambaya ya danna koriyar alama cewa amsar ta warware masa matsala, mai amsar ya samu 15, shi kuma 2. Ƙuri'ar ƙi tana rage wa mai rubutu 2, kuma in amsa ce, wanda ya kaɗa ta ma a cire masa 1. Wannan 'yar tarar ta fi komai burge ni, don tana sa mutum ya yi tunani kafin ya huce haushi a kan wani. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi, sai da maki 15 ake goyon baya, sai da 125 ake ƙi, kuma abin da ƙuri'u ke kawowa ba ya wuce 200 a rana. Bayan minti biyar ƙuri'arka ta kulle, sai in an gyara rubutun. Masu haɗa baki su riƙa ɗaga juna kuwa, akwai manhajar da ke bi kullum tana soke irin waɗannan ƙuri'un.

Inda gizo ke saƙar shi ne wanda ya riga zuwa. Amsar da ta shigo a minti na uku tana samun ƙuri'a biyu ko uku, ta hau sama, masu zuwa daga baya su fara cin karo da ita, su ƙara mata. Wadda ta fi ta inganci, da aka ɓata awa guda ana rubutawa, tana can ƙasa ba mai gangarawa ya duba. Wani gwaji da aka buga a mujallar Science a 2013 ya nuna cewa ƙuri'ar goyon baya ɗaya tak da masu binciken suka sa da ka a farkon sharhi a wani shafin daban ta ɗaga makinsa na ƙarshe da kusan kashi 25 cikin 100.

Sai kuma tsufa. Ƙuri'a ba ta ruɓewa, manhaja kuwa tana canzawa. An daina kula da Python 2, tsohuwar sigar yaren rubuta manhaja na Python, tun 1 ga Janairun 2020, amma har yanzu za ka tarar da amsoshi masu tarin ƙuri'u da aka rubuta umarnin print a cikinsu ba baka biyu, ka kwafa zuwa Python 3 ya ƙi tashi. Kamfanin ya ɗan yi gyara: a Satumban 2021 ya daina kafe amsar da mai tambaya ya karɓa a can sama, a 2022 kuma ya ƙara zaɓin jeri da ke ba sababbin ƙuri'u nauyi fiye da tsofaffi. Gyara ne mai kyau, ko da yake ya makara.

Masu cewa a soke ƙuri'a gaba ɗaya su dubi YouTube, wanda ya ɓoye adadin ƙi a Nuwamban 2021. Yanzu sai ka kalli rabin bidiyon koyarwa kafin ka gane shirme ne.

Don haka kafin ka kwafi amsa, duba ranar da aka rubuta ta da ranar gyaran ƙarshe, ka tabbatar sigar da take magana a kai ita ce a kwamfutarka, ka karanta sharhin da ke ƙarƙashinta, don a nan ake yawan cewa "wannan ta daina aiki". In kana da isasshen maki, danna lambar ta rabe maka gida biyu: amsa mai 60 da ba wanda ya ƙi ta daban take da mai goyon baya 100 da ƙi 40.