Wata shida da kanena ya yi a gidan gyaran masu shaye-shaye a Jos

Mutane sun dame ni da tambaya kan wajen da muka kai kanena, to ga abinda na gani da idona. Yaron nan da kodin ya fara tun yana sakandare, da gwamnati ta hana a 2018 sai ya koma kwayoyin tiramol da roci, karshe har goskolo, barasar nan mai karfi. Hajiya ta so a kai shi gidan mari nace wallahi ba da ni ba, bayan abinda aka bankado a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutane da sarka a kafa.

Nan inda muka kai shi kam babu duka babu mari, akwai likitan kwakwalwa da nas-nas. Sati biyun farko basu bari mun gan shi ba, wai lokacin ne jiki ke neman kwaya, ga gumi ga zawo ga rashin barci, kuma likita yace wanda giya ta kama sosai in aka yanke masa lokaci daya ba magani jijjiga na iya kashe shi. Ranar da na fara zuwa cikin sanyin Disamba na same shi a kudundune cikin bargo biyu, hannu na rawa ko kofin shayi ya kasa rikewa, yace Yaya don Allah ka fitar da ni na warke. Saura kiris in yarda. Wata nas ce ta ja ni gefe tace Malam duk haka suke cewa a watan farko. Sai a wata na hudu na ga kanena na da, ya yi kumatu, har yana tsokanata wai na yi tumbi.

Amma kudi fa sai a hankali, na wata daya ya fi albashina, kuma gwajin fitsari daban ake biya, ba wanda ya fada mana da farko. Abinci ma wake ne kullum.

Abinda ya fi bata min rai sallamar, takarda daya suka mika mana shikenan, ko waya basu taba bugowa ba su ji ya yake, alhali majalisar abokan shaye-shayensa na nan a bakin layinmu ba inda ta je. Kwana uku da dawowarsa na hango daya daga cikin tsofaffin abokansa yana leken kofar gida, washegari da asuba na sa shi a mota zuwa Bauchi wajen Kawu, yanzu yana can yana koyon dinki.