Gargaɗi Kan Agogon Hannu Masu Maɓallan Ƙarya a Legas

'Yan'uwa mazauna Legas, musamman na Agege da Idi-Araba da Mile 12, ina jan hankalinku game da wasu masu talla da ke yawo da agogon hannu a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a da kuma cikin cunkoson motoci, suna rantsuwa cewa tokunbo ne na asali, irin wanda ake kira kronograf, wato agogon da ke auna tsawon lokacin da wani abu ya ɗauka. Ƙanena ya faɗa hannunsu a makon jiya. Da muka kai agogon wurin mai gyara ya buɗe bayansa, sai muka tarar maɓallai biyun da ke gefensa ba su haɗu da komai a ciki ba, ƙananan hannayen da ke kan fuskarsa kuwa manna su aka yi da gam.

A agogon gaskiya, maɓallin sama, wanda ke daidai ƙarfe 2, shi ne ke tayar da awo kuma ya tsayar da shi, na ƙasa da ke daidai ƙarfe 4 kuma ya mayar da hannun kan sifili, tsarin da kamfanin Breitling ya yi wa rajista tun 1934. Saboda haka dogon siririn hannun da ke tsakiya ba ya motsi, yana tsaye cak a kan 12 har sai an danna maɓallin sama, daƙiƙun yau da kullum kuwa a ɗaya daga cikin ƙananan da'irorin suke tafiya. Idan kuka ga dogon hannun yana zagayawa ba tare da kowa ya taɓa komai ba, to ku san da walakin.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ruɗarwa, domin maɓallansa suna aiki, amma rana da kwanan wata kawai suke canzawa. Wannan agogo ne mai araha da ba shi da laifi a kan farashinsa, laifin yana ga wanda ya laƙa masa sunan Rolex ko Omega ya ninka kuɗin.

Kafin ku ciro kuɗi, ku danna maɓallin sama ku bar shi ya wuce minti ɗaya, ku duba ko ƙaramin hannun minti ya gusa, sannan ku tsayar ku danna na ƙasa. Wanda ya cuci ƙanena cewa ya yi kada a danna, wai batirin zai ƙare, kuma lambar wayar da ya bayar har yau ba ta shiga.