Buhun PICS da Fumfunar Ƙarshen Damina

Manomin da ke noman masara a ƙasar Saminaka ko Giwa ko Funtuwa ya san cewa wahalar shekara ba ta ƙarewa a ranar da amfanin gona ya nuna. Irin masara mai saurin nuna, wanda aka shuka a farkon watan Yuni, yakan isa girbi a watan Satumba, a daidai lokacin da sama ba ta gama zubar da ruwa ba, raɓa tana kwana a kan komai har hantsi, iska kuma cike take da laima. A wannan tsakanin ne fumfuna take kama hatsi, kuma a nan ne ake gane ingancin duk wani kayan ajiya da mutum ya sa kuɗinsa ya saya. Na daɗe ina adana masara da wake da gyaɗa a buhun PICS, wato buhun ajiya mai leda a ciki wanda ba ya barin iska ta shiga, kuma ba maganin ƙwari kaɗai nake so in auna shi da shi ba, domin wannan an riga an shaide shi a kai. Abin da ya fi damuna shi ne yadda yake yi da hatsin da aka girbe ruwa bai ɗauke ba.

Buhun ya samo asali ne daga binciken da masana na Jami'ar Purdue ta jihar Indiyana a Amurka suka yi tare da takwarorinsu na Kamaru a yankin Marwa, tun ƙarshen shekarun 1980, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Larry Murdock. Wake aka nufa da shi tun farko. A shekarar 2007 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da tallafin yaɗa shi a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maraɗi ta yi gwaje-gwaje masu yawa a kansa, kuma ana ƙera shi a Kano. Daga baya aka faɗaɗa amfaninsa zuwa masara da dawa da gyaɗa da sauran hatsi. Rufi uku gare shi: leda biyu masu kauri, kowace kaurinta maikiron 80 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ɗaya a cikin ɗaya, sai buhun saƙa na roba a waje wanda yake ɗaukar nauyi da gogayya. Akwai mai cin kilo 50, akwai mai cin kilo 100.

Babu wani magani a jikinsa. Idan aka ɗaure bakin ledojin da kyau, ƙwarin da suka biyo hatsin daga gona su ne suke shaƙe iskar oksijin da ke ciki, wadda take kusan kashi 21 cikin 100 na iskar duniya, har ta ragu sosai, sai su daina ci, su daina haihuwa, ƙwai da tsutsa su kasa girma, a ƙarshe su bushe su mutu. A wannan fanni ba ni da abin da zan ce sai yabo. Waken da na ɗaure a watan Nuwamba nakan kwance shi a bazara in same shi babu huda, babu gari a gindin buhu, babu warin komai. Wanda ya san yadda ake barbaɗa wa wake maganin feshi na DDVP a wasu shaguna, har ta kai ga Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya a shekarar 2015 saboda yawan wannan guba a jikinsa, ya san cewa buhun da zai raba abincin iyali da irin wannan magani ba ƙaramin alheri ba ne.

Fumfuna kuwa wani al'amari ne daban, kuma ta fi ƙwari haɗari domin ɓarnarta ba duka ake gani da ido ba. Akwai nau'in da masana ke kira Aspergillus flavus, mai launin kore da ratsin ɗorawa, wanda yake zaune a cikin ƙasar gona, yana son zafi da danshi, kuma ya fi kama masara da gyaɗa. Shi ne yake fitar da gubar aflatoksin. An fara gano ta ne bayan da 'ya'yan talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila a shekarar 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. Gubar tana haddasa sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a ƙasashenmu, kuma bincike ya danganta ta da tsumburewar yara. A gabashin Kenya, a shekarar 2004, mutum 317 suka kamu da ciwo, 125 suka rasu, bayan sun ci masarar gonakinsu da aka girbe cikin ruwan sama aka ajiye da danshi. Amurka ba ta yarda abinci ya wuce kashi 20 cikin biliyan na wannan guba ba, Tarayyar Turai kuma ta tsaya a kashi 4 ga gyaɗar da za a ci kai tsaye. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka. Tuwon da aka tuƙa da gurɓatacciyar masara da ƙuli-ƙulin da aka soya da gurɓatacciyar gyaɗa suna ɗauke da ita har cikin kwano.

To, a nan ne ya kamata mai saye ya fahimci iyakar buhun PICS. Fumfuna tana buƙatar iska kamar yadda ƙwari suke buƙata, saboda haka hatsin da ya bushe sosai aka ɗaure shi a wannan buhu yana samun kariya biyu: fumfuna ba ta samun iskar da za ta yaɗu, sannan laimar waje ba ta ratsa leda ta koma cikin hatsin. Wannan na biyun ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin masarar da ke cikin buhun saƙa na yau da kullum tana shan laimar ɗaki duk lokacin da damina ta dawo, ko da an shanya ta da kyau a kaka. Amma ledar da ta hana danshi shiga ita ce kuma take hana shi fita. Buhun kamar amintaccen mai ajiya yake, abin da aka danƙa masa shi yake mayarwa. Idan aka zuba masa masara mai ɗanyen ciki, ba zai busar da ita ba ko da ta shekara, kuma idan danshin ya yi yawa sai hatsin ya fara tsami a rufe, launinsa ya dushe, ya yi wari irin na jiƙo, ƙwayar ta mutu ta yadda ba za ta tsiro ba idan iri ce. Gubar da ta riga ta samu tun a gona ko a wurin shanya kuma tana nan yadda take, buhu ba ya rage ta.

Alƙaluman da ya kamata a riƙe kaɗan ne. Masara takan kammala nuna tana da danshi fiye da kashi 30 cikin 100, akan karye ta tana tsakanin 20 da 25, amma ba ta isa shiga buhu ba sai ta sauko zuwa 13 ko ƙasa da haka. Wake ma kusan haka ne. Ɓararriyar gyaɗa, saboda man da ke cikinta, sai ta sauko zuwa 7 ko 8. Tazarar da ke tsakanin 22 da 13 ita ce dukan aikin kaka, kuma a watan Satumba da farkon Oktoba rana ba ta cika ba da haɗin kai ba, domin sai a baza shanya da hantsi, kafin la'asar hadari ya taso.

Yawancinmu da haƙori muke gwaji, a ciji ƙwaya a ji ko ta fashe da ƙara. Gwajin yana raba jiƙaƙƙiya da busasshiya, amma ba ya raba 13 da 16, alhali a wannan ɗan tsakanin ne asara take. Gwajin gishiri ya fi shi: a samu busasshiyar kwalbar gilashi, a zuba hatsi kamar sulusinta, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka busar sosai, a rufe a girgiza, a bar ta ta ɗan jima a sake girgizawa. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, danshin hatsin ya haura kusan kashi 15, sai a mayar da shi shanya. Wanda yake da hali, ko ƙungiyar manoma da za ta iya haɗa kuɗi, gara su sayi na'urar auna danshi mai batir, irin wadda masu sayen masara don abincin kaji suke zuwa da ita kasuwa. A ganina duk wanda zai sayi buhunan PICS masu yawa bai kammala sayayya ba sai ya tanadi hanyar auna bushewa.

Kafin a kai ga buhu, yadda aka yi girbin shi ne yake yanke hukunci. Masarar da ta faɗi ƙasa ta kwana a laka, da wadda tsutsa ta huda bakin goyonta ruwa ya shiga, ba a haɗa su da lafiyayya. Tara goyon masara tuli guda a gona da ɓawonsa, a rufe da tamfol a bar shi kwanaki ana jiran mota, yana dafa shi da zafin kansa, kuma fumfuna ba ta son abin da ya wuce haka. A ɓare ɓawon da wuri, a baza a kan tamfol ko daɓen siminti, ba a kan ƙasa tsirara ba, kada shimfiɗar ta yi kauri, a riƙa juyawa, a kwashe kafin raɓar dare ta sauka. Ita gyaɗa idan an cire ta, a kifa ta 'ya'yan suna kallon sama, kada a bar su suna taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma a yi hattara da fartanya domin kwanson da ya fashe ƙofa ce a buɗe. Bayan an ɓare, tsince ƙwayoyin da suka yanƙwane ko suka canja launi yana rage guba sosai, domin a cikin 'yan ƙwayoyi kaɗan take taruwa. Abin da yake ci mini rai shi ne inda wannan tsintuwar take ƙarewa: sau da yawa ita ake sayarwa da araha ga masu yin mai da ƙuli-ƙuli, ko a zuba wa kaji da awaki, ta haka sai ta dawo cikin gida ta wata hanya. A can arewa sosai, wajen Katsina da Maraɗi da Damagaram, matsalar takan zo ta fuskar da ba a zata ba, domin ɗaukewar ruwa da wuri, gyaɗa tana cikin cika, shi ne yake raunana ta har fumfuna ta shige ta tun tana cikin ƙasa. Saboda irin wannan ne cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, ƙwayar dawa da aka lulluɓe da nau'in fumfunar da ba ta fitar da guba, wadda ake watsawa kilo 10 a kowace hekta mako biyu zuwa uku kafin amfanin gona ya yi fure, don ta riga mai gubar kama wuri. Aikinsa a gona yake, na buhu kuma a ɗaki, ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Akwai kuskure guda da ake yawan yi da buhun, wato ɗura hatsi da zafinsa kai tsaye daga wurin shanya. Idan dare ya yi sanyi sai ledar ta yi gumi daga ciki, ruwan ya taru a sama kusa da baki, hatsin wurin ya dunƙule ya yi baƙi alhali na ƙasa lafiya lau yake. Maganinsa shi ne a bar hatsin ya huce a inuwa kafin a ɗura. A duba kowace leda tukuna, a cika ta da iska a matse a ji ko tana fitarwa. A sheƙe hatsin da kyau domin guntun totuwa da tsinke da tsakuwa su ne suke huda leda. Bayan an cika, a matse iskar da ta rage, a murɗe bakin ledar farko a lanƙwasa shi a ɗaure, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. A ɗora a kan katako, kada a jingina da bango, kada kuma rana ta riƙa dukansa.

Ba ya rasa nasa rauni. Kuɗinsa ya ninka na buhun saƙa sau da dama, kuma ana buƙatarsa ne a kaka, lokacin da manomi ya gama kashe abin hannunsa a kan taki da 'yan ƙwadago. Abin da yake sauƙaƙa wannan shi ne ana iya sake amfani da shi shekara biyu zuwa uku idan ledar ba ta huje ba, sannan wanda ya riƙe wakensa daga kaka zuwa bazara yakan ga bambancin farashi da ya biya kuɗin buhu ya bar riba. Ledar ba ta jure jifa daga kan mota ko jan buhu a ƙasa, gyaɗa mai kwanso kuma takan gaji da ita da wuri. Ɓeraye ba su cika damunsa ba tun da ƙanshin hatsi ba ya fita, amma idan ɗakin ya yi datti da zubabben hatsi za su kai gare shi, kuma huda ɗaya ta isa ta ɓata aikin. Bai dace da hatsin da ake ɗiba kullum don tuwon gida ba, domin duk buɗewa sabuwar iska ce take shiga. Gara a ware na ci a wani mazubi dabam. Na kuma taɓa cin karo a wata kasuwa da buhu mai kama da shi wanda ledarsa ba ta kai rabin kaurin ta gaskiya ba, saboda haka a sa hannu a taɓa ledar kafin a biya, kuma a saya wurin dillalin da aka sani.

Ga wake, wanda yawanci ake roronsa bayan ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta fara busawa, ina ba da shawarar wannan buhu ba tare da wani sharaɗi ba. Ga masarar Satumba da gyaɗar farko, shawarar tana tare da sharaɗin bushewa, kuma idan sama ta hana shanya, gara a bar masarar a goyonta a rumbu mai shan iska ko a rataye ta a ƙarƙashin rufi har hunturu ya shigo, sannan a ɓarza a ɗura. Abin da nake roƙon masu ƙera buhun da dillalansu shi ne su buga gargaɗin danshi da manyan haruffa a jikinsa, da boko da ajami, tare da hoton gwajin kwalba da gishiri, domin yawancin masu sayensa a kasuwannin ƙauye labarin kashe ƙwari kaɗai ake ba su a bakin rumfa.